Mai Askin da Ya Koyi Motsa Hoto da Kunne

A wani layi mai cunkoson shaguna an yi wani mai aski wanda bakinsa ya fi injin askinsa ƙara. Shagonsa ɗan akwatin katako ne mai rufin kwano, ya lafe a bangon babban shagon Mai Katifa kamar goyo. Kujera ɗaya ce a ciki, sai madubi mai tsaga a kusurwa, sai benci a waje na masu jiran layi. Filin na Mai Katifa ne, alfarma ya yi masa tun da daɗewa. Amma in ka ji mai aski na ba da labari, sai ka rantse shi ya ara wa Mai Katifa bangon.

Babu abin da bai iya ba. An taɓa zancen jirgin sama a bencinsa, ya ce tuƙin ba wani abu ba ne, saukar ce kawai ke son natsuwa.

Wata rana wani malamin makaranta ya zo aski yana kallon waya. Mai aski ya leƙa ta saman kansa, ya ga zanen kyanwa tana tafiya tana kaɗa wutsiya.

"Malam, wa ya sa mata rai?"

"Ba rai ba ne, aikin kwamfuta ne. Animeshan ake ce masa. Akwai darussansa da Turanci, mai so ya koya."

"Au, ashe ma koyo ake yi? Ni na ɗauka wani abu ne mai wuya."

Yana gama askin ya rufe shago ya nufi wurin mai tura waƙoƙi a waya, wani mai sanƙo da ke zama ƙarƙashin lema a bakin titi. Mutumin ya jujjuya wayar ya ce, "Wayarka ba ta da ciki. In na sa darussan da hotonsu, kaɗan za ta ɗauka. In murya ce zalla, sai ta haɗiye su duka."

"Hoton me? Baturen zan aura da zan zauna kallon fuskarsa? Ilimi a baki yake. Cire hoton, zuba min murya."

"Amma irin wannan darasin fa nuni ake yi a ciki."

"Kai da nake aske ka tun kafin sanƙo ya ƙwace min kai, yau kai za ka koya min karatu? Zuba!"

Aka zuba.

Tun daga ranar iyafis, ɗan abin sauraren waya, bai sake barin kunnensa ba sai in zai yi alwala. Waya a aljihun gaba, inji a hannu, ido a ƙeyar mutane, Bature na ta zuba a cikin kunne. Kalmar da ta yi masa daɗi sai ya riƙe ta, in malamin makaranta ya biyo ta layin ya tare shi ya sha fassara. A haka ya san kifirem, wato inda ake kafa hoto a ce daga nan motsi zai tashi. Ya san leya, hoto a kan hoto. Ya san lup, abin da ke ta maimaita kansa ba gajiya. Ya san renda, girkin ƙarshe da kwamfuta ke yi wa aiki kafin a kai wa jama'a. Har da wata mai santsi a baki, sikwash an sitirec, wadda malam ya ce lotsewa da miƙewa ke nan. Amma wadda ya fi ƙauna ita ce andu: in ka yi ɓarna ka neme ta, sai komai ya koma yadda yake.

"Kun ga Turawa," in ji shi ga 'yan benci, "har nadama sun yi mata maɓalli."

Akwai kuma wata magana da Baturen ba ya jan numfashi bai faɗe ta ba: kilik hiya. Malam ya ce ma'anarta danna nan. Mai aski ya ce wannan ai ko jariri ya sani, ya wuce ta.

Ba a jima ba ya sa aka rubuta DARAKTA a saman madubi, ya daina amsa kowane suna sai shi. Duk wanda ya zauna a benci kuma sai ya ji cewa mutane da ido suke koyon wannan sana'a, shi kuwa da kunne kaɗai ya gama da ita.

Wanda ya fara ɗanɗana ilimin shi ne mai shayin bakin layi, mutum mai gemu baƙi wuluk da ya yi shekaru yana tattalinsa. Ya zauna ya ce a ɗan daidaita masa gefe. Daidai lokacin Bature ya ce a zaɓi komai a goge, maganar da malam ya riga ya fassara masa. Hannun Darakta, da ya saba yi wa kunne biyayya, ya ɗora inji daga kunnen dama ya share hanya fetal har ƙarƙashin haɓa.

"Innalillahi! Kai, ɗan aska, me ka yi min?"

Darakta ya dubi gemun a ƙasa, ya dubi fuskar a madubi, ya ɗaga murya: "Andu!"

Gemu bai motsa ba.

"Andu, na ce!"

"Andu ɗin gidanku! Mayar min da gemuna!"

"Kwantar da hankalinka, leyar sama kawai na cire. Ta ƙasa tana nan, za ta tsiro."

Mai shayi ya fita da rabin gemu, ya naɗe fuska da tawul kamar mai ciwon haƙori, yana kai ƙara wurin Allah.

Ana cikin haka Mai Katifa ya gyara shagonsa. Mutum ne mai jiki, mai son girma, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a gaban ma'aikatansa ba. Ya sa gilashi, ya yi fenti, ya sayi ƙatuwar talabijin aka maƙala ta can sama kusa da silin. Sai ga shi da hantsi a ƙofar akwatin katako.

"Mai aski, zan fasa sabuwar ƙofa ta wannan bangon. Ka nemi inda za ka kai akwatinka kafin ranar buɗe shago."

Darakta ya dubi akwatin nasa. Nan ne abincinsa da na iyalinsa, nan masu askinsa suka sani. Amma bakinsa bai san tsoro ba.

"Ranka ya daɗe, talabijin ɗin nan me za ta nuna ranar? Labarai? Kai da kanka ya kamata a gani a ciki. Ka fito cikin shigarka ta alfarma, ka ɗaga hannu ka yi wa jama'a maraba, ka kishingiɗa a katifa ka lumshe ido. Kifirem a nan, kifirem a can, in ɗora maka leya, in buga renda. Ƙaramin aiki ne."

Mai Katifa bai gane ko ɗaya ba, shi ya sa abin ya burge shi.

"Kuma ka iya?"

"Tambaya ma kake? Darasin da ke cikin kunnen nan, in na girgiza kai sai ya zubo."

"To, shi ke nan. In ya yi kyau, ƙofa ta koma ɗaya bangon, ka ci gaba da zamanka. In ka ba ni kunya, a ranar za a ɗora akwatinka a amalanke."

Nan take Darakta ya tsayar da shi gefen katifa mafi kauri a shagon, ya ce ya ɗaga hannu, ya shanye tumbi, ya ɗauke shi hoto.

Saura kwamfuta. Ƙanin matarsa akawu ne, yana da wata ta hannu da ya saya a wurin wani mai zane, da manhajar motsa hoto a cikinta. Zai yi tafiya, ya kawo ta yana roƙo: "Yaya, don Allah a kula min da ita."

"Je ka abinka. Yau ta zo hannun masu ita."

Ya ɗora ta a kan tebur a tsakar gida, matarsa na gefe tana ninke wanki. Ya buɗe manhaja. Sai ga maɓallai rututu, sama da ƙasa, hagu da dama, kuma ba rubutu a jikinsu, duk 'yan zane-zane ne: ga ido, ga agogo, ga hannu, ga makulli, ga almakashi. Ya gyara zama, ya kunna darasi.

"Kilik hiya," in ji Bature.

Darakta ya duba. "Ina?"

Bature ya ce a danna nan, sannan a ja shi zuwa nan.

"Nan ɗin ina, bawan Allah?"

Bature ya ci gaba abinsa, har yana cewa kun ga yadda ya yi kyau.

"Malam, da wa kake faɗa?" in ji matarsa.

"Darakta."

"To, Darakta, da wa kake faɗa?"

"Wannan mutumin ne ba shi da tarbiyya. Yana yi wa mutum kwatance, ba ya faɗin ko kwana ɗaya."

"Ai nuni da ido ake ganinsa. Ina hoton?"

"Hoto na 'yan koyo ne."

"Ka koma a sa maka mana."

Ya koma? Wurin mai sanƙo, da zai baza labarin a layi kafin la'asar? Bayan duk abin da 'yan benci suka ji? Ya yi kamar maganar ba da shi ake ba. Ga shi dai ya san sunan kowa a cikin manhajar nan, amma bai san fuskar kowa ba, kamar wanda ya haddace sunayen dangin matarsa kaf, aka tara su a ɗaki aka ce ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya fito da tsarinsa: duk sanda Bature ya ce nan, ya danna inda zuciyarsa ta kwanta. Hoton Mai Katifa da ya saka a kwamfutar ya koma kore. Ya danna, ya kifa da kai ƙasa. Ya danna, ya rame ya zama kamar tsintsiya. Ya danna, ya haihu, suka cika allo suna ɗaga wa juna hannu. Sai ya kashe kwamfutar ya sake daga farko. Kwana da kwanaki ana haka, shago a rufe, masu aski na komawa da sumarsu.

Ana gobe buɗe shago ya yi tuntuɓe da wani tsohon aiki da mai zanen ya bari: jar ƙwallo a saman allo, da ɗige-ɗige sun sauko ƙasa sun koma sama. Darakta ya yi tsalle, don Baturensa ma da ƙwallo yake misali. Ya jawo hoton Mai Katifa da katifarsa ya saka a ciki. Sai idonsa ya faɗa kan almakashi.

"Yauwa, ga ɗan gida."

Ya danna shi, ya bi wuyan Mai Katifa da shi kamar mai gyaran ƙeya, don ya ga wani gashi ya fito. Kai ya rabu da jiki. Ya kamo shi zai mayar, hannu ya zame, kan ya tafi ya manne a jikin ƙwallo can sama ya ƙi sakuwa.

"Subhanallahi!" Matarsa ta yar da zanen da ke hannunta. "Ka cire wa bawan Allah kai!"

"Leya ce."

"Ko mece ce, mayar masa."

"Andu," in ji Darakta a hankali. Ya san tana cikin maɓallan nan tana kallonsa, amma wace ce? Ya danna ido, katifa ta ɓace. Ya sake dannawa, ta dawo. Ya danna wasu kibau masu bin juna a da'ira, bai ga abin da ya canza ba, ya bar su a danne.

"Bar shi haka," ya ce. "Baturen ya faɗa, abu daga sama yake farawa ya sauko. Kan zai sauko a hankali ya zauna a wuyansa, jama'a su yi tafi. Salo ne."

"To ka kunna mu gani mana kafin gobe."

Wannan ma ya san sunansa, firibiyu. Ƙofarsa ce bai sani ba.

"Gwaji na mai shakka ne," ya ce.

"Allah Ya rufa asiri," ta ce, ta tsince zanenta.

Renda kaɗai ke da rubutu a jikinsa, shi ya sa ya gane shi. Ya danna shi da sassafe ranar taron. Wani ɗan layi ya fito yana jan ciki kamar mai jin barci, kwamfuta ta ɗau zafi tana huci.

"Zazzaɓi ne! Kawo mafici!"

Matarsa ta hau fifita. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta leƙo, aka miƙa mata murfin tukunya. Tsohuwar gidan baya ta ce a lulluɓe ta da bargo ta yi gumi, mai ɗinki ta ce a'a, firiji za a sa ta. Darakta ya ɗora ta a faranti, ya ɗora farantin a bakin bahon ruwa, ya tsuguna yana hura mata iska da baki yana lallashi: "Renda, yi haƙuri, renda, saura kaɗan." Ta gama daidai lokacin da Mai Katifa ya aiko a karo na babu iyaka. Ya juye aikin a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi aiki, ya sa rigarsa mafi guga, ya fita a guje.

Shago ya cika maƙil. Ga 'yan kasuwa abokan Mai Katifa a kujerun gaba, ga surukansa, ga gwaggonsa tsohuwa da aka ɗauko musamman aka zaunar kusa da shi. Mai shayi na baya, gemu ya fara tsirowa gefe ɗaya kamar gonar da aka yi wa shuka biyu. Mai gyaran wuta ya hau tsani ya soka filas a talabijin, ya danna rimot, ya jefa shi a aljihu, ya saɓi tsaninsa ya wuce wani aikin.

Kafin hoto ya fito Darakta ya sha gaban jama'a. "Jama'a, abin da za ku gani, kifirem ɗinsa ni na kafa, leyarsa ni na jera, rendarsa ni na dafa. Kuma duk da wannan na koya." Ya ja kunnensa. Aka yi tafi.

Allo ya haska. Ga katifa. Ga Mai Katifa tsaye cikin shigar alfarma, hannu a sama yana maraba, wuya a buɗe ba komai a kai.



Sai ga kai ya faɗo daga sama da hularsa, fuska a murtuke. Bai ko kalli wuya ba. Ya wuce shi ya daki katifa, ya lotse ya baje kamar an zauna a kan burodi, kumatu suka tafi gabas da yamma. Sannan ya zabura ya miƙe zololo, hanci ya yi tsawo, ya cilla sama ya ɓace.

Darakta ya ƙura wa allo ido. Sai kuma fuskarsa ta washe, ya nuna allo da hannu biyu.

"Sikwash! Wallahi ga sikwash! Ga sitirec! Ashe haka kuke?"

Kai ya sake faɗowa. Ya lotse, ya miƙe, ya tashi. Ya sake faɗowa.

"Lup!" Darakta ya dafa ƙirji, har da ƙwalla. "Ashe kai ne kibau ɗin nan! Sannu, sannu da zuwa!"

Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta saki salati. "Sun yanka min ɗa! Jama'a, sun yanka shi suna wasa da kan!"

"Gwaggo, ga ni nan kusa da ke," in ji Mai Katifa ta tsakanin haƙora.

Ta juyo ta shafa wuyansa. "To wancan na wa ye?"

Mai shayi ne ya fara fashewa, tawul ya faɗi. Daga nan dariya ta kama shago kamar gobara. Surukai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Wani dattijo da ya zo da niyyar sayen katifa ya matso ya ce, "Yallaɓai, ita ce ke cilla kai haka? Don ni mai ciwon wuya ne." Ya ja matarsa suka fita.

"Kashe shi!" Mai Katifa ya miƙe. "Kashe shi, na ce!"

"Andu!" Darakta ya daka wa talabijin tsawa. Kai ya faɗo. "Andu, don girman Allah!" Kai ya lotse.

Aka nemi rimot, yana aljihun mai gyaran wuta. Aka nemi tsani, yana kafaɗarsa. Darakta ya hango tarin katifu da aka jera a ƙasan talabijin har kusa da silin, ya tuɓe takalmi ya kama hawa. Ya isa sama, ya miƙa hannu zai cire waya, tari ya yi laushi ya karkata. Ya yi iyo a iska, ya faɗo kan katifar nan mai kauri, ita wadda ke cikin hoton. Ya lotse. Katifa ta yi aikinta, ta miƙar da shi ta cilla, ya sauka a kan wata, ita ma ta miƙa shi gaba, ya ƙarasa a cinyar Mai Katifa da farantin lemo a ka.

"Ga na biyu nan!" in ji mai shayi yana riƙe ciki. "Wannan ma ya fi na saman kyau!"

A sama kuwa kai na ta faɗowa, bai san an yi ba. Sai da wani ya je ya kashe wutar shagon gaba ɗaya.

Mai Katifa ya ture Darakta daga cinyarsa, ya share lemo daga rigarsa, ya faɗi kalma ɗaya tak.

"Amalanke."

Kafin la'asar an ɗaga akwatin katako da kujerarsa da madubinsa. Mai shayi ya ce shi zai tura, ba ya son ko sannu. Duk ramin da suka faɗa sai ya waiwayo ya ce, "Darakta, kira andu mana, ko bango zai biyo mu."

Aka sauke shago a tsakar gida, gefen igiyar shanya. Matarsa ta kawo masa ruwa, ta duba ƙafafunsa ta ga ba karaya, ta yi hamdala. "Arzikinmu ba a bangon kowa yake ba," ta ce. "Gobe sai ka fita neman wani wurin." Darakta bai ce uffan ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin shirunsa ba, har ta fara sa ran an samu sauƙi.

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙarƙashin lemar mai sanƙo, ya ajiye waya.

"Na gano inda matsalar take."

"Alhamdulillahi. In sa maka da hoton ke nan?"

"Sa hoton. Amma ka cire muryar kaf. Surutun mutumin nan ne ya ruɗe ni." Ya sunkuyo ya rage murya. "Yi sauri. An buɗe shagon tangaran da gilasai a layin baya, bangonsa ba kowa, kuma na ji mai shi ya sayi talabijin."

Mai sanƙo ya ɗauki wayar.

Mu dai namu addu'a: Allah Ya tsare mai tangaran, da kansa da kayansa.